Kai ya fito, kafaɗa ta maƙale

Haihuwa uku na yi kafin wannan, babu wadda ta ba ni wahalar da za a ba da labari. Ta fari ina goyon ciki a gidanmu, da asuba aka kai ni asibiti, kafin hantsi na sauka. Ta biyu da ta uku ko awa huɗu ban yi a kan gwiwa ba. Matan gidanmu har cewa suke na gado Umma wajen sauƙin haihuwa. Abin da babu wanda ya lura da shi, har da ni, shi ne kowane yaro yana fin na gabansa nauyi. Ta fari kilo 3.2, na biyu 3.6, ta uku kilo 4 cif. A wurinmu wannan abin murna ne. Duk wadda ta shigo barka sai ta ɗaga jaririyar ta jinjina, ta ce tubarkalla, wannan kamar ta yi wata biyu.

Ciki na huɗu ya same ni ina da shekara 35, na yi ƙiba fiye da da, mahaifina kuma ya daɗe yana fama da ciwon suga. A wani ƙaramin asibiti kusa da gida nake zuwa awo. A gwada hawan jini, a duba fitsari, a sa tef a auna tsayin ciki, a saurari bugun zuciyar yaro, a sallame mu. Da ciki ya shiga wata shida, nas ta rubuta mini gwajin suga. Ta ce in zo da safe ban karya ba, a ɗebi jini, a ba ni gulukos gram 75 in sha, in zauna awa biyu a sake ɗiba. Ta ce tsakanin sati na 24 da na 28 ake yinsa. Ni malamar firamare ce, lokacin kuma muna tsakiyar jarabawa. Na sa takardar a jaka na ce sai an yi hutu. Aka yi hutu, aka dawo, takardar tana nan a ninke. Da na koma awo ba a tambaye ni sakamako ba, ni ma ban tayar da maganar ba.

Lokacin bazara ne, zafin Kano ya kai inda ya kai. Ƙishirwa ta dame ni, fitsari kuwa cikin dare sai in tashi sau biyar. Na ɗora laifin a kan zafi da nauyin ciki. Abin da nake kashe ƙishin da shi lemon kwalba mai sanyi ne, da zoɓo, da kunun aya, da fura wadda ta ji suga.

A wata na bakwai Hajiya, surukata, ta aiko mini da maganin zaƙi a galan. Duk macen da ta taɓa ciki a ƙasar Hausa ta san shi. Iyayenmu suna cewa idan mai ciki ta cika shan zaƙi, zaƙin yana taruwa ya tare wa yaro hanya ranar naƙuda, don haka ake jiƙa sassaƙe da saiwoyi a ba ta ta sha ya wanke. Hajiya ta haɗa da saƙo: "Ki ce wa 'yar nan ta rage shan kayan zaƙi." Na karɓi jiƙon, na bar saƙon. A tunanina tunda ina shan abin da ke wanke zaƙi, ba sai na daina sha ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Iyayenmu sun gano cewa zaƙi yana da hannu a wahalar haihuwa, kuma sun yi gaskiya. Sai dai zaƙin da ke yin ɓarnar a cikin jini yake, jiƙo ba ya fitar da shi, ido kuma ba ya ganinsa sai an gwada.

A sati na 35 tef ya nuna cikin ya wuce kwanakinsa. Aka tura ni hoton ciki, aka ce yaron babba ne, ruwa kuma ya yi yawa. Sai a lokacin na fito da takardar nan. Kafin in sha gulukos sugana 6.1 ne, bayan awa biyu 9.8. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ya ce mai ciki idan ta kai 5.1 ba ta karya ba, ko 8.5 bayan awa biyu, to tana da ciwon suga na masu juna biyu. Nan take aka mayar da awona babban asibiti.

Likitan da ya gan ni ya ja kujera ya yi mini bayani yadda zan gane. Ya ce sugan da ke jinina yana ratsa mabiyiya ya shiga jikin yaro. Jikin yaron sai ya yi ta samar da insulin don ya sarrafa shi, insulin kuma ya mayar da shi kitse, kitsen ya fi taruwa a kafaɗu da ƙirji da ciki. Kai ba ya ƙaruwa kamar yadda kafaɗu ke ƙaruwa. Shi ya sa ɗan mai ciwon suga ya fi haɗarin maƙalewa ninki biyu zuwa huɗu a kan ɗan wadda ba ta da shi, ko da nauyinsu ɗaya. Ya ɗora ni a kan magani, ya hana ni lemo da suga, ya ce in rage tuwo da shinkafa in ƙara ganye da wake. Na kiyaye sosai, amma sati uku ne kacal suka rage, yaro kuwa ya riga ya gama tara abin da zai tara.

Hoton ƙarshe ya ƙiyasta kilo 4.1. Likita ya ce da ya wuce 4.5 ga mai suga, tiyata zai ba ni shawara kai tsaye. A yadda yake, zan iya gwada haihuwa da kaina. Amma ya ja kunnena cewa hoto a ƙarshen ciki yana iya kuskure da kashi 10 cikin 100 ko fiye, sama ko ƙasa, kuma ko da wasa kada in zauna a gida idan naƙuda ta tashi. Ni dai da na ji ba dole ne a yi mini aiki ba, sauran maganar sama-sama na ji ta. Aka sa ranar da za a tayar mini da naƙuda. Saura kwana biyu ta zo da kanta.

Cikin dare ne, watan Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Faya ta fashe ina tsaye a bakin gado, ruwa ya malale ɗakin. Abban yara ya tayar da maƙwabcinmu mai A Daidaita Sahu, muka isa asibiti wajen ƙarfe ɗaya. Aka duba, bakin mahaifa ya buɗe santimita 5. Na ce a raina kafin kiran salla an gama.

Aka yi asuba, gari ya waye, ina santimita 7. Wajen ƙarfe tara ina nan a 8. Aka ɗaura mini ruwan naƙuda, ciwo ya dawo sabo. Da ya buɗe gaba ɗaya aka ce in fara nishi. Ni da nishi uku ko huɗu ke isata, na fi awa guda ina yi, na jiƙe sharkaf da gumi. Sistar da ke kaina, wata dattijuwa mai ƙarancin magana, na ga ta aika a faɗa wa metiron, wato shugabar nas-nas, da likita su kasance kusa. Daga baya ta ce mini jinkirin nan ga mai haihuwa ta huɗu, ga suga, ga ruwan naƙuda, shi ya sa jikinta ya ba ta.

Kai ya fito. Duk wadda ta haihu ta san wannan lokacin. Zafin nan mai kamar wuta ya lafa, sai ki ji gangar jikin ta sulluɓo, sai kuka. Na saki jiki ina jira, har na fara hamdala. Shiru. Na ji abu ya tsaya cak a marata, kamar an datse ƙofa da sakata.

Ban ga abin da suka gani ba, Sista ce ta ba ni labari. Ta ce kan ya fito a hankali, goshi, hanci, baki, haɓa kuma da ƙyar. Yana gama fitowa sai ya koma baya ya manne da jikina, kumatun suka kumbura, kamar kunkuru ya ja wuya cikin ƙoƙonsa. Ta ja a hankali sau ɗaya yadda aka saba, bai motsa ba. Kafaɗar da ke sama ta hau bayan ƙashin mara ta tokare.

Muryarta ta sauya. "Malama, daina nishi. Kada ki ƙara yunƙuri sai na ce." Ta ɗaga murya ta yi kira, ta dubi agogon bango ta faɗi lokaci da ƙarfi. Kafin in ankara ɗakin ya cika. Aka zare filon da ke kaina, aka kwantar da gadon, aka jawo ni har bakinsa. Mutum biyu suka kama ƙafafuna, ɗaya dama ɗaya hagu, suka naɗe su har gwiwoyina suka kusa taɓa hamatata. Na ji kamar ƙuguna zai rabe biyu. Wata ta haɗa hannuwanta ta ɗora a marata, daidai saman ƙashin, ta danna ƙasa da gefe da dukkan nauyinta.

Hana nishin nan shi ya fi komai wuya. Jikina gaba ɗaya turawa yake so ya yi, ana ce mini in yi haki kawai. Ina ta maimaita La'ilaha illallahu. A cikin wannan hali wata mai taimako ta kai hannu saman cikina, wajen ƙirji, za ta danna. Metiron ta daka mata tsawa: "Cire hannunki! Ba a danna sama!" Na san wannan dannar, an yi wa mata da yawa a gida, har ana ganin taimako ne. Ashe idan kafaɗa ta tokare ƙashi, danna saman ciki ƙara cusa ta yake yi, yana kuma iya fasa mahaifa. Haka jan kai da ƙarfi: ƙashi ne ya tare ƙashi, ja ba ya raba su, sai dai ya miƙe jijiyoyin wuyan yaro.

Naɗe ƙafafun nan yana da suna, Makrobats, sunan wani likita a Hustan ta jihar Tekzas a Amurka, inda aka fara rubuta bayaninsa a 1983. Ba faɗin ƙugu yake ƙarawa ba, juya shi yake yi. Gadon baya ya miƙe, ƙashin mara ya ɗago sama ya zame daga kan kafaɗar. Idan aka haɗa shi da danna mara, yawancin yara a nan suke fitowa. Nawa bai fito ba.

"Minti biyu," in ji mai duba agogo.

Likita ya riga ya sa safar hannu. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zan yi miki ƙari, zan sa hannu." Ƙarin ba ya sakin kafaɗa, wuri kawai yake ba hannun likita. Wannan zafin ba ni da abin kwatanta shi. Ya zura hannunsa ta ƙasa, ta wajen baya inda ƙugu ya fi sarari, ya lalubo hannun yaron da ke ƙasa, ya lanƙwasa gwiwar hannun, ya shafo shi ta kan ƙirji ya fito da shi waje. Da hannu ɗaya ya fita, faɗin kafaɗun ya ragu, ta saman ta zame. Na ji an zare mini wani nauyi gaba ɗaya.

"Minti huɗu."

Bai yi kuka ba. Na ɗago kai na hango shi a hannun Sista sharaf, jikinsa toka-toka. Aka yanke cibiya da sauri aka kai shi kan tebur a gefe, inda likitar yara ke tsaye. Ana goge shi da tawul, ana matsa masa iska da robar numfashi. Ina tambaya, "Sista, yana da rai? Don Allah yana da rai?" Babu mai amsa mini, kowa na kan aikinsa. Can na ji wani ɗan tari, sai kuka siriri, sai ya buɗe murya. Na fashe da kuka ni ma.

Gaggawar da suke yi tana da dalili. Idan kai yana waje jiki yana ciki, cibiya tana matsewa tsakanin yaro da ƙashi, ƙirjinsa kuma a matse yake ba zai iya shaƙar iska ba. Idan aka fitar da shi ƙasa da minti biyar, da wuya ƙwaƙwalwa ta taɓu. Abin da ya wuce haka, kowane minti haɗari yake ƙarawa, har a rasa yaron. Na sha lissafa tazarar gidanmu da asibitin a daren ruwan nan. Ta fi minti ashirin.

Aka ɗora shi a sikeli, kilo 4.6. Hoto ya rage masa rabin kilo.

Ni kuma nawa bai ƙare ba. Mahaifar da ta ɗauki ƙaton yaro da ruwa mai yawa, ta kuma sha doguwar naƙuda, ba ta tsuke da wuri. Jini ya ɓalle. Aka yi mini allura, aka ƙara magani a ruwa, Sista tana murza cikina har ya yi tauri. Jini leda biyu aka ƙara mini, ɗaya ta ƙanin Abban yara. Sannan aka duba aka ga na ƙaru fiye da inda aka yanka, har tsokar da ke riƙe bayan gida ta taɓu. Mataki na uku suke kiransa. A ɗakin tiyata aka ɗinke ni bayan an kashe mini rabin jiki.

Zan faɗi wannan duk da kunya, don na san akwai masu fama da shi a ɓoye. Na yi kusan wata biyu ba na iya riƙe iska, idan bayan gida ya matsa kuma sai na yi gudu. An ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta da na laushin bayan gida, aka koya mini matse gaba da baya kamar mai riƙe fitsari, in saki, sau da yawa a rana. A hankali ya dawo daidai. Umma ta yi mini wankan jego, amma likita ya ce ruwan ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, ya kuma hana kunun kanwa. Umma ba ta ji daɗi ba, amma ta bi.

Yaron ya kwana biyu a sashen jarirai saboda sugansa ya yi ƙasa. Jikinsa ya saba samar da insulin mai yawa, ga shi an yanke hanyar da sugana ke zuwa masa. Ana ta soka masa diddige ana gwadawa, ina tatsar nono ana ba shi. A can Abbansa ya yi masa huɗuba.

Ranar da aka kawo mini shi na buɗe zanin na ga abin da likitar yara ta riga ta gani. Hannun hagu yana ta wutsil-wutsil. Na dama yana kwance a gefen jikinsa a miƙe, ya juya ciki, tafin yana kallon baya. Yatsun suna motsi, idan na sa yatsana yana damƙewa, amma kafaɗa da gwiwar hannu ko alama. Wani ya buga ƙofa da ƙarfi, ya firgita, hannu ɗaya ne ya tashi.

Aka yi masa hoto, babu karaya. Wasu yaran ƙashin da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa ne ke karyewa, ko na damtse, kuma likitar ta ce wannan ya fi sauƙi, cikin 'yan makonni yake haɗewa. Nasa jijiya ce. Ta zana mini a takarda: jijiyoyi biyar ke fitowa daga laka a wuya su sauka hannu, su ke kai masa saƙon motsi da ji. Biyu na sama ne suka miƙe fiye da ƙima. Ana kiran wannan shanyewar Erb, sunan wani likita Bajamushe da ya yi bayaninta a 1874. A katin sallama an rubuta sunan abin da ya faru da Turanci, sholda distoshiya, wato maƙalewar kafaɗa. Ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya ta ce yana faruwa a kusan haihuwa 1 cikin 150, kuma kusan yaro 1 cikin 10 da ya same su jijiyar hannunsa tana taɓuwa. Yawancinsu suna warkewa, kaɗan ne abin ke zame musu na dindindin.

Kwanakin farko na riƙe Sista a raina, ina cewa ita ta ja shi. Da na tambayi likitar, ta ce ƙarfin naƙuda kansa, yana tura jiki alhali kafaɗa na tokare, yana iya miƙe jijiyar ko ba a ja ba. Na tuna yadda matar nan ta faɗi lokaci, ta yi kira, ba ta tsaya kokawa da kan ita kaɗai ba. Kafin a sallame ni na nemi a kira mini ita, na yi mata godiya, na nemi ta yafe mini zargin da ba ta ma san na yi ba.

Ranar suna gida ya cika, kowa da abin da ya gani. Wata ta ce shan inna ne. Wata ta ce iska ce, a nemi hayaƙi. Wata ta ce targaɗe ne kawai, akwai mai ɗori a unguwarsu da hannunsa ke da kyau, sau ɗaya zai ja ya koma. Da dare Hajiya ta kira ɗanta ina ji. Ta ce, "Hannun dama ne fa. Da me zai ci abinci, da me zai gaisa da mutane? A kai shi a gyara tun ƙashi yana ɗanye." Ya ce, "Hajiya, an yi hoto, ƙashin lafiyarsa lau. Jijiya ce, ja ne ya taɓa ta, wani jan kuma ƙarasa ta zai yi. Ki ba mu wata uku, ki taya mu da addu'a." Ta yi shiru, can ta ce Allah ya ba shi lafiya. Ba ta ƙara tayar da maganar ba. Kullum da safe sai ta shigo ta tofa masa addu'a a hannun.

Bayan sati biyu muka fara zuwa sashen gashi, wato inda ake motsa wa marasa lafiya gaɓoɓi. Ma'aikaciyar ta fara da gaya mini gaskiya: motsa hannun ba shi ke warkar da jijiya ba. Jijiya da kanta take tsirowa, kamar milimita ɗaya a rana, babu mai iya hanzarta ta. Aikina shi ne in hana gaɓoɓin sandarewa, domin ranar da saƙo ya iso ya tarar da hannu mai lanƙwasuwa. Ta kama hannuna ta koya mini. In dafe allon kafaɗarsa da hannu ɗaya, in ɗaga hannun a hankali har saman kai. In manna gwiwar hannun da haƙarƙarinsa, in buɗe hannun waje kamar ana buɗe ƙofa, wannan ta ce shi ya fi muhimmanci don shi ke fara ƙagewa. In lanƙwasa gwiwar, in juya tafin ya kalli sama. Kowanne sau goma, duk lokacin da na canza masa nafkin. Kada a ɗaga shi ta hannu ko ta hamata. Wajen sa riga a fara da hannun dama, wajen cirewa a ƙare da shi. Idan zan goya shi in tabbatar hannun bai lanƙwashe a baya ba. Ta ce in riƙa shafa masa hannun da auduga, da tawul, da tafina, don ya san nasa ne.

Ta kuma sa mana iyaka. Idan ya kai wata uku bai fara lanƙwasa gwiwar hannu da kansa ba, za a tura mu Asibitin Ƙashi na Dala manyan likitoci su duba, domin jijiyar da ta tsinke ɗungurungum aiki take buƙata, kuma a watannin farko ake yinsa, ba a jira yaro ya girma.

Sati huɗu, babu komai. Sati shida, babu komai. Ina yi ina hawaye, yayyensa suna ƙirga mini ɗaya zuwa goma. A sati na bakwai na ga kamar kafaɗar ta ɗan ɗaga, na ce ko idona ne. Sai wata ranar Juma'a, yana da sati goma, na kwantar da shi a tabarma ina ninke kaya. Na juyo na ga hannun dama ya baro gefensa, yana rawa, yana tahowa a hankali, ya tsaya a ƙirji, ya sake yunƙurawa har babban yatsa ya taɓa leɓensa. Ban yi motsi ba don kada in firgita shi. Da ya sake yi karo na biyu na ƙwala wa Hajiya kira. Ta shigo ba ko ɗankwali, ta tsaya tana kallo, ta ce Alhamdulillahi ta fi sau goma.

Na koma gwajin suga bayan sati shida, ya sauka. Amma an ce wadda ta yi shi a ciki tana cikin haɗarin kamuwa da na dindindin nan gaba, don haka duk shekara nake gwadawa. Lemon kwalba kuwa mun rabu. Game da wani cikin, likita ya ce wadda kafaɗa ta taɓa maƙale mata, kusan 1 cikin 10 yana sake faruwa. Da irin ƙarin da na yi da abin da ya sami hannun yaron, tiyata zai ba ni shawara. Wannan karon har ƙarshe na saurare shi. Ya ce duk asibitin da na je awo, ranar farko in faɗa musu, kada in jira a tambaye ni.

Akwai abin da ya faɗa wanda ya fi tsaya mini. Kusan rabin yaran da kafaɗarsu ke maƙalewa ba su kai kilo 4 ba, iyayensu da yawa ba su da suga, ba su da ƙiba, babu wata alama. Ni an ga alamu, na yi sakaci da wasu. Wata kuwa babu abin da zai nuna sai kan ya fito. Na tambayi Sista, to matan ƙauye da ke haihuwa a hannun ungozoma fa? Ta ce abin da take koya musu idan sun zo bita kaɗan ne: a daina nishi, kada a ja kai, kada a danna saman ciki, a naɗe ƙafafu zuwa ƙirji, a danna mara. Idan ya ƙi, a juya mace ta durƙusa a kan gwiwoyi da tafukan hannu. Wannan durƙuson yana cikin littattafan likitoci, wata ungozoma Ba'amurkiya mai suna Ina May Gaskin ta koyo shi a 1976, asalinsa kuma daga ungozomomin Gwatamala ne. Sista ta yi murmushi ta ce iyayenmu da ma a durƙushe suke haihuwa, shi ya sa har yau muke cewa mace tana kan gwiwa.

Yanzu shekararsa biyu da wata uku. Yana ɗaga hannun sama da kai, sai dai bai kai na hagu miƙewa ba, kuma idan ya cire riga allon kafaɗar dama ya ɗan fi fitowa. Da dama yake cin tuwo. Idan zai kai loma baki gwiwar hannun tana ɗan buɗewa gefe, kamar mai busa algaita, ma'aikaciyar gashi ta ce saboda juyawar kafaɗar ba ta gama cika ba. Ta ce in riƙa ɗora masa abin wasa a kan taga yana miƙa hannu yana ɗauka, in kuma ci gaba da buɗe masa ƙofar nan safe da yamma. Watan gobe za mu koma a sake aunawa.